Ranar da Baba Ya Wanke Gareji

Aikina ɗaukar waya ne. Idan aka tambaye ni nakan ce ina aiki a hukumar kula da muhalli, sai mutane su ɗauka ina yawo bakin rafi da farar riga ina ɗibar ruwa a kwalba. Ina! Ɗaki ne mai tebur uku, da na'urar naɗar murya, da wata fanka da ta fi kowa surutu a ofishin. Duk wanda mai ko wani sinadari mai haɗari ya zube masa, mu yake kira. Mu tambaye shi me ya zube, a ina, yawansa, ina ya nufa, wa ke riƙe da wurin. Daga nan mu tura masu tarewa.

Dokar ba ta da wuyar ganewa. Idan mai ya kai ga ruwa, ko da ƙyallinsa kawai aka gani a sama, wanda ke riƙe da wurin shi zai kira, kuma da zarar ya sani zai kira, ba sai ya yi wanka ya karya kumallo ba. Wanda ya kira da kansa, ana ɗaukarsa mutumin da tsautsayi ya faɗa wa. Wanda ya yi shiru har wani ya kira, sunansa mai ɓoyewa, kuma nasa hukuncin daban ne: ba ya sake riƙe wuri irin wannan. Mu ma ma'aikata ba a bar mu ba. Duk wanda ya ji labarin zubar da ba a kawo rahotonta ba, ko a gidan biki ya ji, dole ya kai gaba.

Na faɗi wannan tun farko ne saboda babana yana riƙe da wuri irin wannan.

Shi ne shugaban ma'aikata a garejin wani kamfanin motocin safa, tun kafin in iya tafiya. Sunansa ne a rubuce a allon bakin ƙofa, ƙarƙashin lambar layinmu. A garejin ba wanda ke kiransa da sunan nan, Baba Tas suke ce masa. Gareji dai kowa ya san yadda yake, baƙi ƙirin, kana takawa takalminka na mannewa. Na Baba kuwa kana iya shimfiɗa mayafi ka kwanta. Makaniken da ya ajiye sifana a ƙasa sai ya ji a jikinsa. A gida ma haka muka taso, Inna takan ce da yana da iko da sai ya wanke sabulu kafin ya yi wanka da shi.

Mu uku ne 'ya'yansa: Yaya, ni, sai Auta. Amma ni yake kira. Wayarsa ta ƙi yin ƙara, ni. Likita ya rubuta magani bai gane rubutun ba, ni. Sun yi 'yar tsama da Inna yana neman wanda zai ba shi gaskiya, ni ce, ko da yake ba kasafai nake ba shi ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake ce mini. Yaya yakan yi tsaki ya ce shi dai an haife shi ne don a riƙa aikensa sayen ƙusa. Ina jin daɗin wannan matsayin, ba zan ɓoye ba, har nakan yi wa Yaya gori da shi.

Ranar Asabar ce da safe, ranar hutuna, ina guga, sai ga wayarsa.

“Uwata, kin tashi lafiya? Ya gida?”

“Lafiya lau, Baba. Ya aiki?”

“Da godiya. Tambaya gare ni. Ku da kuka san kan abubuwan nan, me ake zuba wa kwata idan baƙin mai ya shiga, don warin ya mutu?”

Na ajiye dutsen guga. “Wace kwata, Baba?”

“Tamu ta gareji mana.”

“Mai kamar yaya yawansa?”

“Ɗan kaɗan ne. An ma gama da shi. Warin ne kawai ya tsaya mini a hanci.”

A wurin aikina babu kalmar da na tsana kamar “ɗan kaɗan ne”. Mai tankar da ta kife a kan gada ma da ita yake fara magana. Na matsa masa da tambaya, ya ba ni labarin yana gunaguni. Wani direba ne yana ja da baya ya daki famfon tankin da suke tara baƙin mai, wato man da aka juye daga injuna. Famfon ya karye, man ya ɓalle.

“Ka kira layinmu?”

“Ba ga shi ina magana da ke ba?”

“Baba, ni ba layin ba ce. Wannan wayata ce, ina gida, ina guga.”

Ya yi dariya. “To ke da layin duk ba na hukuma ɗaya ba ne? Na gaya miki, kin ji, shi ke nan. Yanzu me zan zuba?”

“Kada ka zuba komai. Kada kowa ya ƙara taɓa tiyo. Ga ni nan zuwa.”

Na cire wutar guga, na ja mayafi, na tari tasi. Duk hanya ina addu'a Allah Ya sa wannan karon “ɗan kaɗan” ɗin gaskiya ce.

Da na shiga ƙofar garejin sai na ja na tsaya. Ban taɓa ganin wurin da kyau kamar ranar ba. Simintin yana sheƙi tun daga ƙofa har bangon baya, jiƙe sharkaf, ko'ina ƙamshin garin sabulu. Motoci a jere, tayoyinsu ma an wanke. Makanikai sanye da takalman roba suna naɗe tiyo, suna ta fara'a irin ta mutanen da suka yi aikin a yaba musu. Ɗayansu, wani tsoho mai giɓi da ya san ni tun ina yarinya, ya ɗago hannu.

“Ke ce hukumar? To duba da kyau. In kin ga ɗigo ɗaya a ƙasa, a aske mini gemu.”

Na wuce bayan rumfa inda tankin yake a kan ƙafafunsa na ƙarfe. An cusa wa mazaunin famfon guntun katako da tsumma. Na ƙwanƙwasa cikin tankin da bayan yatsa daga sama har ƙasa, ko'ina sai amsa kuwwa yake. Baba ya iso yana share hannu da farin ƙyalle.

“Jiya a ina man ya tsaya?” na tambaye shi.

Ya nuna da hannu, can sama, dab da murfi. Masu kwashewa ranar Litinin za su zo, in ji shi, shi ya sa ya cika.

“Baba, wannan ne ɗan kaɗan?”

“Da kin ga yadda muka yi da shi, da ba ki ce haka ba.”

Ya shiga nuna mini yadda suka yi, har da alfahari. Man ya malalo ya nufi ƙarƙashin motoci, shi kuma ba zai yarda direbobi su taka su shiga da shi cikin mota ba, fasinja su zo su ga baƙin sawu. Sai ya sa aka kunna injin wankin mota, aka farke buhunan sabulu, mutum shida da buroshi suka kora komai zuwa bakin kwata. Da aka gama da fili, ya sa aka ɗaga murfin kwatar aka yi ta sakar mata ruwa har sai da abin da ke wucewa ya koma fari.

A gefen rumfar ga buhunan yashi da na dusar katako a jibge, ko ɗinkinsu ba a kwance ba. Don irin wannan ranar aka ajiye su: a datse bakin kwata da yashi, a zuba dusa ta shanye man, a kwashe a zuba a ganga. Na nuna masa su.

Ya yamutsa fuska. “Wannan ai ƙazanta ce a kan ƙazanta. Sati guda za ka yi kana sharar dusa.”

Na ce mu shiga ofis. Ba na son in yi wa ubana faɗa a gaban yaransa, kuma na ji faɗan yana taso mini. Ofishin nasa ɗan ƙaramin ɗaki ne, makullan motoci a rataye kowane a ƙusarsa. Ya zauna, ya jawo fulas zai zuba mini shayi. Na ce na ƙoshi.

“Baba, man nan bai ɓace ba. Tura shi ka yi. Sabulun kuma ya farfasa shi, yanzu ya fi saurin tafiya. Kwatar nan rafi take fita.”

“Ruwa fari na gani da idona.”

“A nan ka gani. Ka ɗauki waya ka kira lambar da ke allon nan. Yanzu. In ka kira da kanka, tsautsayi ne, za su zo su tare, a yi wa kamfani abin da za a yi masa, kai kana nan a kan aikinka. In wani ya riga ka, kai ne ka ɓoye.”

“Wa zai riga ni?”

Na dube shi cikin ido. Ya ɗora murfin fulas ya murɗa a hankali.

“Na yi magana da Maigida,” ya ce. Mai kamfanin yake nufi. “Ya ce tunda an wanke, a bar maganar. In hukuma ta shigo za ta rufe garejin, motoci su tsaya, mutane su rasa abin hawa.”

“Maigida ba sunansa ne a allo ba.”

“Mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba tunda nake da shi.”

“Ba zai ɗaga ba. Zai dai ce bai san zancen ba.”

“Ke fa bakinki ba shi da linzami.”

“Baba, ka saurare ni. Tunda na ji, ba ni da ikon yin shiru. Haka dokar aikina take. In ba ka kira ba, ni zan kira.”

Ya dube ni kamar na yi wani yare. “To ki ɗauka ban kira ki ba.”

“Ka riga ka kira.”

“Tambayar wari na yi miki, Uwata. Tambayar uba da 'yarsa.”

Wannan ta shige ni, amma ban nuna ba. Na ce ya taso mu bi kwatar mu gani. Idan ruwan fari ne har bakin rafi, ni da kaina zan ba shi haƙuri a gaban makanikansa. Wannan ce ta tayar da shi. Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe ta, ya yi gaba.

Kwatar tana fita ta ƙarƙashin bangon baya, ta bi wani lungu tsakanin gidan burodi da ɗakin ajiyar taya, a rufe da faifan siminti. Muna tafe yana nuna mini shara a gefen hanya yana tsaki, wai dubi yadda mutane ke zama. Inda faifan ya karye na leƙa, na ga kumfa mai ruwan ƙasa tana tafiya. Shi bai leƙa ba. Muka gangara ta bayan wata makaranta, muka fito inda kwalbati ke zuba cikin rafi.

Ba sai na nuna masa komai ba. Bakin kwalbatin ya yi baƙi. Ciyayin gefe duk sun sha mai har rabin tsayinsu. Kumfa ta taru a kwana ta yi tudu, bayanta kuma ruwan ya ɗauki ƙyalli mai launi-launi daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana tafiya abinsa. Warin da ya dame shi a gareji, a nan gidansa yake.

Ƙasa kaɗan akwai mai sayar da dashe, da ledojinsa na furanni da 'yan itatuwa a jere a bakin rafin. Injinsa na ban ruwa yana aiki, bakin tiyon a cikin ruwan. Yana tsaye yana shinshina tafin hannunsa. Da ya hango mu ya ɗago murya.

“Baba Tas! Zo ka gane mini. Yau ruwan wani iri yake. Ka ga ganyen nan yadda yake maiƙo? Ko ka san daga ina?”

“Kashe injin,” in ji Baba.

“Ban gama layin nan ba.”

“Na ce ka kashe!”

Mutumin ya kashe. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ruwan kwalbati. Baba ya tsuguna a bakin gaɓa, ya tsoma farin ƙyallensa ya ɗago, ya daɗe yana kallonsa. A raina na ce shi ke nan, ya gani, zai kira. Na fito da wayata na danna lambar, na miƙa masa.

Ya miƙe tsaye. “Bari in kirawo yarana da bokitai da buhuna. Mu goma ne. Mu datse nan, mu kwashe na sama, mu yanke ciyayin nan. Kafin yamma wurin ya yi kyan gani. Sannan a kira.”

“Baba, wanda ya wuce fa? Rafin nan madatsa yake shiga. Daga can ake ba gari ruwa.”

“Ba zai kai ba.”

“Yana tafiya muna magana. Mutanenmu suna da abin tarewa, kuma su ne za su sa a rufe ƙofar madatsa. Bokiti ba ya wannan aikin.”

“Ni ban taɓa kiran mutum ya zo ya ga wurina a haka ba.”

A nan na gane ba Maigida ne matsalar ba, ba kuma tsoron hukuma ba. Kunya ce. Mutumin da ya yi rayuwarsa ba a taɓa kama shi da datti ba, ana so ya ɗaga waya ya gaya wa baƙo cewa shi ne ya ɓata rafi. Na tausaya masa ƙwarai, kuma a lokaci guda na ji kamar in girgiza shi.

“Ka riƙe wayar kawai,” na ce. “Ni zan riƙa gaya maka abin da za ka ce. Ba wanda zai zage ka. Abokin aikina ne zai ɗauka, yaro ne mai ladabi.”

Ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe su.

“Don Allah, Baba. Don girman Allah.”

“Ki ba ni zuwa yamma.”

“Ba nawa ba ne da zan ba ka.”

“To yi abin da kika ga dama. Kin girma.”

Mai dashe yana ta kallonmu, ya rasa ko ya tafi ko ya tsaya. Na dubi ruwan. Wani ɓawon leda da na gani a bakin kwalbati lokacin da muka iso, ya riga ya sha kwana ya ɓace. Ina jin tsoro, kuma haushin Baba ya cika ni don ya bar mini wannan a hannu. Na danna kira.

Dogo, abokin aikin nawa, shi ne a kan layi ranar. Da jin muryata ya fara wasa. “A'a, uwar ɗakina, ranar hutu ma ba za ki bar mu mu sha iska ba?”

“Dogo, rahoto ne.”

Nan take ya canja murya. Ya shiga jero tambayoyin da ni ma nake yi wa mutane kullum, ina amsawa. Baƙin mai na injin mota. Kusan cikin tanki guda. An kora shi da ruwa da sabulu cikin kwata. Ya kai rafi, ana ganinsa gaɓa zuwa gaɓa, ya nufi madatsa. Na ji yana magana da wani a gefe, a tura mota, a kira masu madatsa. Sannan ya dawo.

“Wa ke riƙe da wurin?”

Na faɗi sunan babana cikakke. Dogo ya san sunan, yana gani a jikin nawa kullum.

“Yana kusa?”

“Yana tsaye a gabana.”

“Shi ya sa ki kira?”

Wannan tambayar tana cikin tsari, amma na san yadda ya yi ta. Ƙofa ya buɗe mini. Idan mai wurin ne ya sa wani ya kira a madadinsa, rahotonsa ne. Na rufe bakin wayar da tafin hannu.

“Baba, yana tambaya ko kai ka sa ni. Ka ce e. Ko kai kawai ka ɗaga mini.”

Ya juya fuskarsa wajen rafi.

“Baba.”

Ko gezau. Na jira har Dogo ya ce, “Kina ji na?” Da na ce e, ba mai bincikawa. Na sani, Dogo ya sani, mai dashe ma ba zai tsoma baki ba. Amma mutumin yana tsaye a gabana ya ƙi, ni kuma in ce ya yarda? Taurin kan nan ba daga sama na tsinto shi ba.

“A'a,” na ce. “Ni na kira.”

Masu tarewa ba su daɗe ba. Suka shimfiɗa dogayen robobinsu masu yawo a kan ruwa, ɗaya a kwana, ɗaya can ƙasa kusa da gada, suka baza auduga mai shan mai. Masu madatsa suka rufe ƙofa. An tare mafi yawansa kafin ya isa, gari bai sha mai ba, sai dai an kwana ba ruwa a famfo. Mai dashe ya yi asarar layin da ya shayar. Ni kuma aka ce in koma gefe tunda abin ya shafi ɗan'uwana, na koma gindin wata bishiya na zauna.

Baba bai gudu ba, bai kuma yi ƙarya ba. Duk abin da jami'ai suka tambaye shi ya amsa, har buhunan sabulun ya kai su ya nuna musu. Da Maigida ya iso cikin motarsa, ya riƙe baki ya ce shi sai yanzu yake jin wannan mugun labari, da ya sani da shi da kansa zai kira. Baba ya dube shi sau ɗaya, ya kau da kai. Na so a ce ban canka daidai ba.

Abin da doka ta ce shi aka yi. An ci kamfanin tara, an rufe garejin har aka gyara kwatar. Baba kuma aka rubuta shi a matsayin wanda ya sani bai kira ba, kamfani ya sallame shi, aka goge sunansa daga allon.

Yaya ya zo har gidana ya yi mini tas. Wai wace irin 'ya ce ke kai ubanta, wai kalma ɗaya ta gagare ni. Na ce Baba ma kalma ɗaya ta gagare shi, je ka tambaye shi. Auta ta yi kuka a waya. Inna ba ta ce komai ba, kuma shirun Inna ya fi faɗan Yaya ciwo. Har yau ban ce na yi laifi ba, kuma ba zan ce ba. Ruwan da aka tare, su ma shi suke sha.

Abin mamaki, Baba bai yi gaba da ni ba. Idan na je gida zai amsa gaisuwata da fara'a, ya tambayi aiki, har ya tsokane ni wai na rame ko hukuma ba ta ciyar da mu. Ya mayar da ƙarfinsa kan gidan, ya fenti ƙofa, ya kankare tukwanen Inna har ta fara ɓoye su. Wayata ce kawai ta daina nuna sunansa. Ni nake kira, mu gaisa, ya sa mini albarka, a kashe. Na ce wa kaina ai mutumin da ba ya aiki ba shi da abin tambaya.

Bayan wasu watanni, wata Laraba na tashi aiki da wuri, na biya gidan ba tare da na sanar ba. A tsakar gida na tarar da Inna tana fitar da kaya daga babbar jaka: zanin gado, fulas, kofi, bargo. Auta tana shanya. Da suka gan ni duk suka tsaya cak.

“Tafiya aka yi?” na tambaya.

Na ɗaga labulen falo. Baba yana kwance a doguwar kujera, ya faɗa, da filasta a bayan hannunsa inda aka sa ƙarin ruwa. Ga ledar magunguna a kan tebur. Na saki labulen na koma wajen Inna.

“Me ya same shi?”

“Jininsa ne ya hau. Ya faɗi a banɗaki. Amma da sauƙi, yau aka sallamo mu.”

“Sallamo ku? Kwana kuka yi?”

“Tun ranar Lahadi.”

“Yaya ya sani?”

“Shi ya kai shi.”

“Auta ta sani. Maƙwabta fa?”

Inna ta ci gaba da ninke bargon da ta riga ta ninke. “Shi ya ce kada a gaya miki.”

Na koma falon. Raina a ɓace yake, na shiga da niyyar in faɗi duk abin da ke bakina, amma da na ga yadda rigarsa ta yi masa yawa sai na durƙusa a gefen kujerar. Ya buɗe ido.

“Uwata. Yaushe kika zo?”

“Baba, in fushi kake da ni ka faɗa mini. Ka zage ni in ji. Amma a kwantar da kai asibiti in ji a bakin jaka?”

“Ba fushi nake ba.” Muryarsa ta yi ƙasa, amma a sarari take. “Aikinki kika yi. Na yi tunani a kai, na ga aikinki kika yi.”

“To me ya sa?”

Ya ɗan gyara kwanciya. “Da na farfaɗo a ƙasa, wayar tana aljihuna. Lambarki na fara nemowa, hannuna ya saba. Sai na tsaya. Na ce to, wannan in na faɗa mata, na wanda take ajiyewa ne ko na wanda take kaiwa gaba? Na san ba mai ba ne, na san ba ruwan hukuma da shi. Amma ina kwance a wurin na kasa rabewa. Sai na kira yayanki.”

Ya nuna kofin da ke kan tebur ya ce in miƙo masa ruwa, na miƙa masa.